Rabin Takardar Bahaguwa

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da rundunar nan uku da ke kirana Kawu. Yaya gwiwar Inna? Ki tabbatar tana shafa maganin da likita ya rubuta, ba wanda maƙwabciyarta ke haɗawa bisa ƙiyasi ba.

Albishirinki. Ƙaninki, wanda kuka laƙaba wa Ƙamus saboda tsabar hassada, ya sami aiki wata huɗu kacal bayan karɓar shaidar digirinsa. An ɗauke ni makwafi a Gidan Ajiyar Takardun Rabo, tsohon ginin nan da ke bayan tashar mota, wanda mutane ke sassauta murya idan za su gifta ta gabansa.

Kin san abin da kowa ya sani: duk jaririn da aka yi wa rajista ana ba shi lamba, a saka farar takarda mai ɗauke da lambarsa cikin wata tsohuwar durowa, washegari a tarar da layi shida a rubuce, wai rabonsa ke nan a duniya. Abin da ba ki sani ba shi ne, tawadar tana dusashewa bayan shekara ashirin da 'yan kai, kuma mutanen gidan nan sun yi imani cewa idan ta goge ƙarƙaf, mai takardar zai bi ta. Dole ke nan a kwafe ta kafin lokacin, kuma wannan shi ne aikina. Imaninsu na biyu ya fi na farkon ban al'ajabi. Wai abin da ke rubuce barci yake yi, ba ya farkawa sai ranar da layukan shida suka haɗu cikin kan mutum ɗaya.

A kan wannan camfi aka gina tsarin aikin baki ɗaya. Makwafa biyu ne, tebur biyu, da katangar katako a tsakani wadda ta fi tsayin mutum. Ana kawo mini tsohuwar takarda an rufe ta da wani faifan ƙarfe mai tsaga uku, wanda suke kira makari, don kada in ga komai sai layi na ɗaya da na uku da na biyar. In na rubuta su a sabuwar takarda, sai a sauya makarin, a kai wa mai teburin hagu ta cike na biyu da na huɗu da na shida. Wanda ke ɗora makarin yana kai da kawowa shi ne shugabanmu, wani dattijo da ake kira Mai Makulli, kuma sharaɗin muƙaminsa shi ne kada ya iya karatu. Lambobi kawai ya sani. Ki auna wannan da kyau, Yaya: ni da na rubuta kundin bincike mai shafi ɗari da tamanin a kan falsafar harshe, shugabana bai san baƙi daga wasali ba.

Na sa hannu a kan ƙa'idoji. Ba zan yi magana da mai teburin hagu ba, ba za mu ci abinci tare ba, ƙofar shigarmu daban, kuma tana tashi minti goma sha biyar kafin ni. Aure tsakaninmu kuwa haramtacce ne har abada, ko bayan barin aiki. Na yi dariya na ce wa Mai Makulli wa zai auri macen da bai san komai nata ba sai tarinta da ƙarar alƙalaminta. Ya dube ni har sai da na ji kunya, ya ce in rattaba hannu kawai.

Ni dai na ɗauki aikin a matsayin damar nazari. Gaibu sai Allah, kuma nan da shekara guda zan rubuta maƙala mai rusa wannan tatsuniya da hujjoji na hankali.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Ƙamus

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗin cewa gwiwar Inna ta lafa. Nasiharki ta cewa in riƙe bakina a wurin aiki ta iso ita ma, sai dai ta tarar da aikin gama ya gama.

Ranar Litinin ta makon jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daidai lokacin tashi. Na ruga rumfar jiran mota, na tarar da mutane sun cunkushe, na tsaya a gefe ina kakkaɓe jakata ina cewa wannan ambaliya ta saɓa wa duk wani hasashe na masana yanayi. Sai wata budurwa da ke tsaye kusa da ni ta ce, ba tare da ta juyo ba, ashe mai teburin dama yana da ƙafafu, ita ta ɗauka ƙamus ne aka jingina da katanga yana magana shi kaɗai. Na duba hannunta na hagu, na ga tawada a gefen ƙaramin yatsa. Ita ce.

Ashe wata biyu tana sauraron duk abin da nake gunaguni idan alƙalami ya yi mini ɗigo. Ta maimaita mini kalmomina ɗaya bayan ɗaya, har da muryata, har wata tsohuwa mai kwando ta shiga taya ta dariya. Ban taɓa shan wulaƙancin da ya yi mini daɗi irin wannan ba. A gidan ana kiranta Bahaguwa, saboda hannunta da kuma teburinta. Shekararta uku a aikin. Gajeriya ce, tana da gira mai kauri, kuma idan tana sauraron mutum tana kallon bakinsa kamar tana kwafe shi. Rubutunta, wanda ban taɓa gani ba sai da ta zana mini sunan layinsu a bayan tikitin mota, ya sa na ji kunyar nawa.

Yaya, zan faɗa miki gaskiya tsagwaronta. Tun daga ranar muna haɗuwa a tasha ta uku daga ofis, wajen wani mai shayi, inda babu wanda ya san mu. Na san na karya ƙa'ida. Amma ƙa'idar da aka gina a kan wahami ba ta da hurumin ɗaure zuciyar mai ilimi. Ita ba ta yarda da ni a kan wannan ba. Ta ce in yi duk surutun da na ga dama a kan komai na duniya, amma kada in kuskura in kawo zancen takardu. Na ce mata tsoronta gado ne na jahilcin magabata. Ta ce to, Malam Ƙamus, magabatan sun mutu da tsufa.

Akwai wata baiwa da na gano a kaina, ko in ce na tabbatar da ita. Duk layin da na kwafa, da lambarsa, yana zaune a kaina daram. Kin tuna yadda nake haddace darasi daga karatu ɗaya, ku kuna fama. Yanzu ina ɗauke da rabin rabon mutum fiye da dubu, kuma wasu layukan suna da balaga mai ratsa jiki.

Kada ki faɗa wa Inna komai tukuna. Zan gabatar da lamarin da kaina idan ya nuna.

Naki har kullum,
Ƙamus

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki gafarce ni da munin rubutu.

Na kashe mutum. Babu kotun da za ta kama ni, amma na sani, ita ma ta sani.

Shekaranjiya da yamma muna zaune wajen mai shayi, ina son in burge ta. Na ce mata akwai wasu layuka da na kwafa a ranar waɗanda suka fi duk waƙar da na karanta a jami'a daɗi, kuma kafin ta buɗe baki ta hana ni na fara rera su. Na faɗi na ɗaya. Makwafa suna da wata cuta wadda ban san da ita ba sai ranar: abin da hannu ya rubuta da safe, baki yana biya shi da yamma ba tare da izinin mai shi ba. Ina rufe baki na ji ta faɗi na biyu a hankali, idonta yana kan kofinta. Na ɗauka wasa ta shiga, na faɗi na uku. Ta faɗi na huɗu tana girgiza kai, tana ƙoƙarin toshe bakinta da hannu. Da na ga haka ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, Yaya, daɗin yadda layukan ke shiga cikin juna ya ɗauke ni. Na faɗi na biyar, na shida ya fito daga bakinta kamar an fizge shi.

Takardar ta yi maganar wani mai gyaran agogo, da ranar hutunsa, da bangon shagonsa. Bahaguwa ta tashi ba sallama ta bar shayinta.

Jiya da hantsi, a kan titin da ke gangarawa asibiti, bangon wani shagon gyaran agogo ya rufta. Babu ruwa, babu iska, ginin ma bai shekara goma ba. Ranar hutun mutumin ce, shekara da shekaru ba ya buɗewa a irin ranar. Matarsa ta ce yana zaune yana karyawa sai ya tuna ya manta tabaransa a shago, ya ce yanzu zai dawo. Na je wurin a lokacin hutun rana. Na ga agoguna warwatse cikin ƙasa, wasu suna ta bugawa abinsu, da wata yarinya 'yar kamar shekara shida, sa'ar babbarki, tana tsince su tana zubawa a zanenta. Na tambayi wani maƙwabci shekarun mamacin. Ya ce arba'in da huɗu. Kwafi na biyu ke nan na takardarsa. Shekara arba'in da huɗu abin yana barci, makwafa biyu sun taɓa shi kafin mu sun riƙe bakinsu, sai da ni na zo da digirina.

Na yi ta neman mafaka a ilimina. Na ce wa kaina dacewa ce, na kawo ƙa'idojin lissafin yiwuwa, na kawo duk wata hujja da na taɓa jifan wani da ita. Babu wadda ta tsaya. Abin da ya fi firgita ni shi ne maganar tabaran. Da zarar abin ya farka, shi ke share wa kansa hanya, ya tashi mutum daga kan abincinsa ya kai shi inda aka rubuta.

Yau a ofis ban ji tarinta ba ko sau ɗaya. Alƙalaminta kawai nake ji yana tafiya yana tsayawa. Duk takardar da Mai Makulli ya ajiye a gabana sai in ga kamar maciji ne aka rufe da faifai. Na yi ƙoƙarin kwafa ba tare da fahimta ba, baƙi bayan baƙi, amma kaina ba ya yarda, yana haɗiye komai.

Ki yi mini addu'a. Ki yi wa marayun mutumin nan ma, su uku ne.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Yayata mai haƙuri da ni,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na karɓi wasiƙunki biyu. Kin ce in ajiye aikin in dawo gida. Da na bi maganarki a lokacin da kika yi ta, da ban san abin da na sani yanzu ba.

Mako uku ba mu haɗu ba. Daga baya muka koma, domin babu wani mahaluki a garin nan da zai iya zama da ɗayanmu ya fahimci abin da ke cinsa sai ɗayan. Muka yi rantsuwa ba za mu ƙara ambaton takarda ba. Na gaya mata ina son aurenta ko da za a kore mu. Ta ce kafin ta amsa akwai sirrin da ya kamata in sani, don kada in auri maƙaryaciya ban sani ba. Lokacin da ta nemi aikin shekararta ba ta kai ba, saura guda, mahaifinta kuma yana kwance, sai ta gabatar da katin haihuwar yayarta. Ta ciro nata na gaskiya daga jaka ta miƙo mini, tana dariya, wai in ga yarinyar da nake wa lacca.

Yaya, a gidan akwai doka: ranar da aka ɗauki ma'aikaci, Mai Makulli yana zare takardarsa daga layi, a aika da ita wani reshe a kwafe ta can. Ya zare tawa. Ya zare ta yayarta. Tata tana nan cikin layi, kuma shekararta ashirin da biyu.

Ina ganin lambar da ke kan katin na gane ta. Na kwafe ta kwana tara kafin ranar, da misalin ƙarfe sha ɗaya, ita ce ta huɗu a teburina. Layuka uku suka taso mini a kai kamar yanzu na ajiye alƙalami, kuma ba layukan alheri ba ne. Na mayar mata da katin na ce hoton bai yi mata adalci ba. Na ɗauka na ɓoye.

Daga nan na tafka wautar da ta fi ta farko. Na ga abin da ya sami mai agogo, na san kauce wa abin ba ya hana shi, barcinsa kaɗai ne kariya. Duk da haka zuciya ba ta karatu. Layi na ɗaya ya ambaci ranar Laraba, sai na shiga lallashinta ta nemi a mayar mata da hutunta Laraba ta riƙa zama a gida, wai don ta huta a tsakiyar mako bisa shawarar masana lafiya. Layi na uku ya ambaci shuɗin tufafi. Tana da wani shuɗin mayafi da take so, na ce ba ya karɓar ta, na sayo mata ruwan ƙasa. Da ta sake yafa shi na ɓata rai har muka yi faɗa a gaban mai shayi.

Ranar Asabar ta zo da mayafin a ninke cikin jaka, ta ɗora shi a kan benci tsakaninmu. Ta ce ranar da takardar ta iso teburinta ta ga lambarta, ta san tata ce. Da ta kai ƙara da asirin katin ya tonu, don haka ta kwafe layukanta uku ta yi shiru. Ba ta san ko na riƙe nawa ba sai da na fara hane-hanena. Shekara uku tana wannan aiki, ta san yadda takardun ke magana, ta san irin gurbin da layukanta suka bari. Ta faɗi layi na ɗaya da na uku a gabana, kalma da kalma, ba ta kuskure ko wasali ba.

Sannan ta ce: “Duk abin da ka hana ni, layi ne ka karanta mini. Biyar suna kaina yanzu. Saura ɗaya, kuma yana kan fuskarka.”

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na sunkuyar da kai, na kasa duban komai a titin, don kada idona ya sauka a kan abin da layin ya ambata ta bi shi da kallo. Haka na tafi gida ina kallon takalmana.

Ni ne makamin da zai kashe ta, Yaya, kuma ƙaunar da nake mata ita ce kaifinsa. Ban san abin yi ba. Kada ki amsa da cewa in dawo gida, na yi wannan tunanin kafin ke.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Yayata,

Ina miƙo gaisuwa gare ki da Inna da maigidanki da yara, da fatan kuna cikin aminci. Na yi wata biyu ban rubuto ba. Ki karanta wannan ke kaɗai, a ɗaki, ƙofa a rufe.

An kore mu. Ba wanda ya kai tsegumi, mu muka je da ƙafarmu muka faɗa wa Mai Makulli komai, har da mai agogo. Ya daɗe yana juya makullansa. Da ya buɗe baki bai yi faɗa ba. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana ɗauke da takardun nan a hannunsa, 'ya'yansa sun sha yi masa tayin koya masa karatu yana ƙi, kuma ba don ba ya sha'awa ba. Ya ce takarda ba ta taɓa kashe kowa ba, baki ne da ido. Wannan shi ne mutumin da na yi miki ba'a da shi. Ya karɓi makullan durowarmu, ya ba ni shawarar in yi nisa da garin, in je inda ba za ta ƙara ganin fuskata ba.

Na yarda da shawarar, har na ɗaure kaya. Ita ce ta ƙi. Ta ce in na tafi ba za ta iya hana kanta nema ba. Za ta riƙa duban kowane abu a duniya tana gwada shi a gurbin, wuƙa, rijiya, mota, wuta, tana auna wanda ya zauna daidai, kuma mai neman abu ɗaya tak ba ya rasa shi. Amma in ina kusa, za ta bar mini shi ajiya, ta cire ranta daga kansa, kamar yadda mutum ke ba amintacce makullin gidansa ya yi tafiya. Sharaɗinta ɗaya ne: kada in ƙara hana ta komai har abada, kada in kare ta daga komai, kada fuskata ta canza a kan komai. Ta tambaye ni ko zan iya. Ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana a cikina ba, na ce zan iya. Mahaifinta ya ce in turo manya bayan wata biyu. Tunda mun bar gidan, hukuncin karya dokarsu bai wuce a rufe mana ƙofarsu ba, kuma sun riga sun rufe.

Ni na sami koyarwa a wata makarantar yamma. Ita kuwa ta yi ta neman abin yi, har wani mai shagon takalma a layinsu ya ga rubutunta ya ce ta rubuta masa sunan shagonsa a saman ƙofa. Ta yi murna ƙwarai. Ta sayi fenti da burushi, ta ce ta sami sana'ar da hannunta ya dace da ita, rubutun da kowa zai karanta gaba ɗayansa ba tare da makari ba. Sannan ta ce ranar aikin in zo da safe in riƙe mata tsani.

Yaya, layi na biyar ke nan. Zan rubuta shi sau ɗaya, domin in ban sauke wa wani ba zai fasa mini ƙirji: “A kan tsani za a kira ta, ƙafarta ba za ta sauko da kanta ba.”

Da ba mu so juna ba da ba a kore ta ba, da ba a kore ta ba da ba ta san hanyar tsani ba. Na kwana biyu ina juya wannan. In na ce kada ta hau, na karanta mata layin. In na ƙi zuwa, ko na kawo uzuri, ko na ce sana'ar ba ta dace da mace mai ilimi ba, duk karatu ne. Muddin ba ta sani ba, tsani katako ne kawai. Na ce mata ƙarfe nawa.

Na je. Tsanin aro ne daga wani mai gyaran wuta, mai matakala goma sha biyu, ta uku tana ɗan motsi. Na jingina shi da bango, na dafe shi da hannu biyu, na sa ƙafa a matakalar ƙasa. Ta ɗaure gwangwanin fenti a kugu ta fara hawa. Ina jin nauyin kowane takunta yana saukowa ta cikin katakon zuwa tafin hannuna. Mai takalma ya fito yana ba da umarni, wai a ƙara wa harafin farko girma. Wani mai kura ya wuce dab da mu har ya goge ni. Ni kuwa na buɗe baki na shiga yi mata lacca a kan tarihin rubutun alluna tun daga zamanin da ake sassaƙa dutse, da manyan kalmomin da ta saba yi mini dariya a kansu, domin na san in na yi shiru shirun ma magana ne.

Da ta kai tsakiyar kalma ta biyu sai ta tsaya. Ta sunkuyo ta dube ni daga can sama, irin kallon nan nata na mai kwafe bakin mutum. Ban san ko nema take ba, ko kuwa kallona kawai take yi. Wani yaro a ƙetaren titi ya ƙwala wa wata kira, amma na ci gaba da jimlata har na kai aya, na kuma ce mata wasalin can ya karkace. Ta ce ƙarya nake, ta juya ta ci gaba.

Awa ɗaya da rabi ta yi a sama. Ta sauko da ƙafarta, matakala bayan matakala, ta tsaya a ƙasa tana goge hannu, ta ce: “Ka iya riƙo, Malam Ƙamus. Na ɗauke ka aiki.” Na yi dariya, na ce zan je in wanke hannu. Na zaga bayan shagon na amayar da duk abin da ke cikina, na wanke fuska, na dawo na taya ta ɗaukar kaya.

Rubutun ya yi kyau har mutane suna tsayawa kallo. Zuwa yau masu shago goma sha ɗaya sun yi magana, cikinsu har da wani kantin magani da allonsa ke hawa na biyu. Ta ce za mu sayi tsaninmu, in raka ta in zaɓa mai kyau. Zan raka ta.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ki ƙone wannan takarda da zarar kin gama, ki watsa tokar. Na san fuskarki, Yaya, tun muna yara Inna ke gane laifina daga idonki. Saboda haka na jawo wa kaina wani rashin da na faɗa miki: kada ki zo ganinta, ko ranar ɗaurin aure, sai ranar da kika tabbata za ki iya ganin tsani jingine a tsakar gidanmu ki wuce shi kina hira. Ki gwada kanki a gida tukuna, a hankali, ba gaggawa. Inna ta zo, ita ba ta san komai ba.

In za ki yi mini addu'a, kada ki roƙa mini ilimi ko ɗaukaka, na ga iyakarsu. Ki roƙa mini hannu marar rawa da fuska marar magana. Gobe da ƙarfe takwas muna kantin magani.

Ƙaninki mai kewarki,
Ƙamus